Shekara goma ana gini, takarda ɗaya ta rushe shi: haɗarin sake ƙera tsohon wasan bidiyo ba da izini ba

A ranar 6 ga watan Agusta na 2016, ranar da wasan Metroid na kamfanin Nintendo ya cika shekara talatin da fitowa, wani ɗan ƙasar Ajantina mai suna Milton Guasti ya saki aikin da ya kwashe kusan shekara goma yana yi in ya tashi daga aiki. Sana'arsa haɗa sauti ce a situdiyo. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko Metroid II, wasan da ya fito a 1991 a kan 'yar na'urar hannu ta Game Boy, ya sake gina shi tun daga tushe don a buga a kwamfuta. Duk wanda ya taɓa riƙe Game Boy ta farko ya san allonta: ɗan mitsitsi, launi huɗu kacal, duk tsakanin kore-kore da baƙi-baƙi. Wasan na asali ba shi da taswira, lungunan ƙarƙashin ƙasa da ake bi duk sun yi kama da juna, mutum ya yi ta zagaye a wuri ɗaya bai sani ba. Guasti ya zuba launi, ya sa taswira, ya ƙara wurare da abokan faɗa, ya sake kiɗan, ya sa wa aikin suna AM2R. Ko sisin kobo bai karɓa ba.

'Yan kwanaki kaɗan da fitowarsa, lauyoyin Nintendo suka fara aika takardu ga shafukan da ke ɗauke da wasan cewa su sauke shi. A watan Satumba takarda ta iso wa Guasti shi kansa, ya sanar cewa ya ajiye aikin. A ƙarshen shekarar an sa AM2R cikin jerin ayyukan masoya da za su yi takara a bikin The Game Awards, sai kuma aka zare sunansa shiru, tare da Pokémon Uranium, wani wasan masoya da aka yi shekara tara ana haɗawa, wanda mutane suka sauke a na'urorinsu fiye da sau miliyan ɗaya da rabi kafin masu shi su cire shi a wannan watan na Agusta. Shekara ɗaya bayan haka, a Satumban 2017, Nintendo ta fito da nata sabon zubin na Metroid II a kan 3DS, mai suna Samus Returns, wanda kamfanin MercurySteam na ƙasar Sifaniya ya yi mata.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, magana ɗaya ake ji daga bakin masoya: ai ba sayarwa yake yi ba. To dokar haƙƙin mallaka ba da kuɗi ta fara ba. A Amurka, inda yawancin waɗannan rigingimu ke ƙarewa saboda can ne manyan shafukan suke, dokar 1976 ta ba mai aiki wasu haƙƙoƙi da shi kaɗai ke da su: kwafe aikin, rarraba shi, nuna shi ga jama'a, da kuma fitar da wani sabon aiki daga cikinsa. Wannan na ƙarshen shi ne igiyar da ke ɗaure mai sake ƙera wasa. Fassara, mayar da littafi fim, ci gaban labari, sabon zubi, duk suna ƙarƙashinsa, kuma babu inda dokar ta ce sai an sayar kafin ya zama keta haƙƙi. Rashin karɓar kuɗi na iya sassauta hukunci, yana iya sa kamfani ya kau da kai, amma ba ya halatta aikin. Haka nan rubutun nan da ake liƙawa a farkon wasa, cewa duk haƙƙi na Nintendo ne, mu masoya ne kawai: ba ya kare kowa. In ma an duba, shaida ce cewa mutum ya san kayan wani ya ɗauka.

Magana ta biyu ta fi wannan ƙarfi a kunne: ban ɗauki komai daga faifan su ba, da hannuna na zana kowane hoto, ni na rubuta manhajar daga farko. Masu Streets of Rage Remake sun yi shekara takwas suna aiki ba tare da ɗaukar layi ɗaya daga manhajar Sega ba, amma da suka saki wasan a Afrilun 2011, kwanaki kaɗan Sega ta nemi a sauke shi. Dalili shi ne abin da doka ke karewa bai tsaya ga fayil ba. Siffar jarumi, labari, waƙa, tsarin wurare, duk suna ciki. Wanda ya sake zana Samus Aran, jarumar Metroid, da hannunsa, Samus ɗin dai ya zana.

Akwai wata shari'a ta 1998 da ta nuna iyakar da wannan ke kaiwa, tsakanin kamfanin Micro Star da FormGen, a kan wasan Duke Nukem 3D. Wasan ya zo da kayan aikin da mai bugawa zai iya ƙera nasa matakan, kuma masu wasan, wato ɓangaren FormGen, sun ƙarfafa mutane su yi, su raba wa juna kyauta. Sai Micro Star ya tattara matakai 300 daga intanet, ya zuba a faifai, ya sa masa suna Nuke It, ya shiga kasuwa. Da aka je kotu, hujjarsa ita ce fayilolin nan babu hoto ko ɗaya na Duke a cikinsu. Gaskiya ne kuwa: umarni ne kawai ga injin wasan, sa bango a nan, ajiye dodo a can, ƙofa ta buɗe ta wannan gefen. Hotunan duk suna cikin wasan da mai saye ya riga ya mallaka. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce duk da haka, kowane mataki sabon labari ne na Duke, tamkar ci gaban fim, kuma mai Duke ne kaɗai ke da ikon ba da labarin Duke. In fayil ɗin da babu hoto a cikinsa ya faɗa wannan rami, ina ga wasan da aka sake zana jarumin da sunansa da kayan jikinsa?

Abin da doka ba ta kulle ba shi ne dabara da ƙa'idar wasa. Tsalle daga dandamali zuwa dandamali, tara halittu a horar da su, binciken kogo ana samun makamin da zai buɗe sabuwar hanya, babu wanda ya mallaki waɗannan. Shi ya sa Eric Barone ya iya yin Stardew Valley a 2016, wasan noma da kowa ya san Harvest Moon ne ya haife shi, babu lauyan da ya ce uffan. Sai dai iyakar ba a fili take kamar yadda ake zato ba. A 2012 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta yanke hukunci a kan kamfanin Xio, wanda ya yi wasan waya mai suna Mino. Masu shi ba su ɓoye ba cewa Tetris suka kwaikwaya, sun ce sun yi bincike sun ga ƙa'idar wasa ba ta da mai ita. Kotu ta yarda da su a kan ƙa'ida, amma ta ce girman filin mai layi ashirin da goma, da siffar tubalan, da nuna tubali na gaba a gefe, duk fasali ne na Tetris, kuma an kwafe su har mutum ba ya bambance wasannin biyu.

Daga nan sai a koma ga mafaka ta ƙarshe, wato ƙa'idar nan ta dokar Amurka da ke yarda a yi amfani da aikin wani ba da izini ba idan an yi bisa adalci, kamar don sharhi, koyarwa, labarai ko barkwanci. Kotu kan auna abu huɗu: manufar sabon aikin da ko ya sauya ma'anar tsohon, irin aikin da aka ɗauko daga ciki, yawan abin da aka ɗauka, da illar da zai yi wa kasuwar mai shi. A ganina, cikin duk ayyukan masoya babu wanda ya fi sabon zubi rauni a kan wannan ma'auni, kuma abin da ya raunana shi shi ne ainihin abin da ya sa ake yabonsa. Burin mai sake ƙera wasa shi ne ya riƙe amana, ya kawo maka wasan da ka sani, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, da fuska mai kyau. Ke nan ya ɗauki duka, manufarsa kuma ita ce manufar na asali: a buga a ji daɗi. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2023 a shari'ar gidauniyar Andy Warhol da mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith ya ƙara matse wannan ƙofa, domin ya ce sabon salo kaɗai bai isa ba idan aikin biyu suna neman kasuwa ɗaya.

Batun kasuwar kuwa, masoya sukan ce wasan ya tsufa, ba a sayar da shi, wa aka cuta? Amma kotu ba kasuwar yau kaɗai take dubawa ba, har da wadda mai haƙƙi zai iya shiga gobe. Kamfanonin kuma sun nuna a aikace cewa suna shiga. Sa'ad da wasu 'yan Italiya ke sake gina Resident Evil 2 a 2015, Capcom ta nemi su tsaya, domin tana shirin nata, wanda ya fito a Janairun 2019 ya kuma yi kasuwa sosai. Tsohon wasa a wurin kamfani jari ne da aka ajiye. Gwargwadon kyan aikin masoyi, gwargwadon yadda yake cin wannan jarin. Aikin da bai yi kyau ba babu mai kula shi. Wanda ya yi fice shi ke jawo takarda.

Wani abin mamaki a nan shi ne, duk da yawan surutun doka, da wuya ka ga wasan masoya na kyauta da aka kai gaban alƙali har aka yanke hukunci. Maganar tana mutuwa tun kafin nan, ta hanyar dokar DMCA ta 1998. Dokar ta yi wa shafukan da ke ajiye kayan mutane wani alkawari: ba za a kama ku da laifin abin da wani ya ɗora ba, muddin kuna sauke shi da gaggawa in mai haƙƙi ya aiko da ƙorafi. Saboda haka shafi ba ya tsayawa binciken wa ke da gaskiya, saukewa yake yi ya tsira da kansa. Da takarda ɗaya Nintendo ta sa shafin Game Jolt ya cire wasannin masoya 562 a Satumban 2016, ta sake sa aka cire wasu 379 a ƙarshen 2020.

Wanda aka sauke wa kaya yana da damar mayar da martani, ya ce kuskure aka yi. Sai dai a duba abin da zai rubuta a takardar: cikakken sunansa, adireshinsa, lambar wayarsa, rantsuwar da in ƙarya ce laifi ne a doka, da amincewa cewa kotun tarayyar Amurka na da hurumin sauraron ƙara a kansa ko da a wata ƙasa yake zaune. Daga nan shafin zai jira kwanakin aiki goma zuwa goma sha huɗu. In kamfanin bai shigar da ƙara ba, a mayar da kayan. Wato mutum ne da kansa zai miƙa wa lauyoyin kamfani sunansa da ƙofar gidansa, ya ce ku zo. Masu aikin re3 da reVC sun gwada. Sun warware manhajar Grand Theft Auto III da Vice City suka sake rubuta ta yadda za ta yi aiki a sababbin na'urori. Take-Two, mai haƙƙin wasannin, ta sa shafin GitHub ya sauke aikin a Fabrairun 2021, wasu daga cikinsu suka mayar da martani, aikin ya dawo, sai ga ƙara a kotun tarayya ta Kalifoniya a watan Satumba, da sunayen mutane ɗaiɗai, wasu ma ba a Amurka suke ba. Wata biyu bayan haka kamfanin ya fito da nasa sabon zubin na wasannin. An ƙare da sulhu a 2023, don haka alƙali bai taɓa faɗin wa ke da gaskiya ba.

Me ya sa ba a jurewa a kai ƙarshe? Lissafi ne. Dokar Amurka ta yarda mai haƙƙin da ya yi rajistar aikinsa a kan lokaci ya nemi diyya ba tare da ya nuna asarar da ya yi ba: daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, har zuwa 150,000 in kotu ta ga da gangan aka yi, kuma ana iya ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin lauyoyin ɗaya ɓangaren. Wannan adadi na 150,000 shi ne wanda Square Enix ta ambata a takardar da ta aika wa masu Crimson Echoes a Mayun 2009, ci gaban Chrono Trigger da aka yi shekara biyar ana yi, saura makonni a sake shi. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke wannan aiki da dare, ko da yana ganin yana da hujja, ba shi da kuɗin da zai je ya gwada ta. Sai ya ajiye.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Manyan kuɗaɗen da ake ji, kamar dala miliyan 12 da 'yan kai da aka yanke wa masu shafin LoveROMs a 2018, ko miliyan 2.4 da masu manhajar Yuzu suka amince su biya Nintendo a 2024, ko ɗaurin wata arba'in da aka yi wa Gary Bowser, ɗan ƙungiyar da ke sayar da kayan fasa na'urorin Nintendo, duk sun shafi rarraba wasannin sata ne ko fasa makullin na'ura. Mai sake ƙera wasa don ƙauna ba kasafai yake kaiwa can ba. Abin da yake yi asara shekarunsa ne. Amma yakan iya zamewa cikin wancan ramin ba da niyya ba, in ya haɗa aikinsa da fayilolin wasan asali ya raba, ko ya fasa kariyar faifai don ciro su, domin wannan laifi ne dabam a ƙarƙashin DMCA.

Sau da yawa za ka ji masu kare kamfanoni suna cewa dole ce ta sa su, wai in ba su hana ba haƙƙin zai suɓuce musu. Rabin gaskiya ce. Haƙƙin mallakar aiki ba ya faɗuwa don mai shi ya yi shiru. Kotun Ƙolin Amurka a 2014, a shari'ar Petrella da MGM, ta ce mai haƙƙi na iya zura ido shekaru, sannan ya kai ƙara a kan ketawar da aka yi cikin shekara uku na baya-bayan nan. Alamar kasuwanci, wato suna da tambari, ita ce ke iya raunana in aka bar kowa yana amfani da ita. Don haka hana AM2R zaɓi ne, ba tilas ba. Wannan hukunci kuma yana da wata fuska da masoya ba sa so su gani: shirun kamfani na shekara tara ba izini ba ne, yana iya farkawa a ta goma.

Inda ake samun tilas ta gaske shi ne wurin yarjejeniyoyin da kamfani ya ƙulla da wasu. Wasa guda yakan zama da masu haƙƙi da yawa. A 2016 wasu masoya sun fara Galaxy in Turmoil, don cike gurbin wasan Star Wars da aka soke, har Valve ta yarda a sa shi kyauta a Steam, kasuwarta ta wasanni a intanet. Lucasfilm ta hana, domin ta riga ta ba kamfanin wasanni na EA keɓantaccen lasisin wasannin Star Wars. Masu sake gina GoldenEye 007 na 1997 takardarsu a 2020 ba daga masu wasan ta zo ba, daga masu haƙƙin James Bond ta zo. Masu ƙoƙarin mayar da Fallout 3 cikin injin Fallout 4 sun dakata a 2018 saboda muryoyin 'yan wasan da aka naɗa, waɗanda ba a yarda a kwashe su daga wani wasa zuwa wani ba. Har Valve, da ake yi wa kallon mai sassauci, ta nemi mai Portal 64, wanda ke mayar da wasanta Portal kan na'urar Nintendo 64, ya sauke aikinsa a Janairun 2024, saboda ya dogara da wata manhajar Nintendo, kuma Valve ba ta son shiga tsakani.

Sai kuɗi da suna. Don McGowan, tsohon babban lauyan The Pokémon Company, ya bayyana a wata hira a 2024 cewa a jaridun wasanni yake ganin labarin irin waɗannan ayyuka, kuma ba nan take yake aika takarda ba, yakan jira ya ga ko za su fara tara kuɗi. Wannan ya saka masu aikin a tsaka mai wuya. Sake gina babban wasa yana buƙatar masu zane, masu kiɗa, masu gwaji, kuma ba a samun su sai an yi shela. Shelar kuma ita ke kai labari ofishin lauya. Shawarar da ake yawan ba su, wai ku yi shiru sai kun gama ku saki gaba ɗaya, tana ceton wasan ne, domin abin da ya shiga intanet ba ya fita, har yau ana samun AM2R a hannun mutane. Ba ta ceton mai wasan daga komai.

Gaskiya ne akwai waɗanda ƙauna ta kai su ga arziki. Black Mesa, sabon zubin Half-Life na 1998, ya fito kyauta a 2012, Valve ta ba masu shi izinin sayarwa, aka kammala shi a 2020. Christian Whitehead, ɗan Ostareliya, ya nuna wa Sega yadda ya sa Sonic CD ya yi aiki a waya, ta ɗauke shi, daga baya ya jagoranci Sonic Mania na 2017. Capcom ta rungumi Street Fighter X Mega Man na wani ɗan Singafo ta sake shi kyauta a 2012. Shi kansa Guasti, kamfanin Moon Studios ya ɗauke shi aikin tsara matakai a Ori and the Will of the Wisps. Amma a lura, Sega ɗin da ta ɗauki Whitehead ita ce ta sauke Streets of Rage Remake, a shekarar da ta fito da Sonic CD ɗinsa kuma. Valve ɗin da ta sa wa Black Mesa albarka ita ce ta aika takarda ga masu sake gina Team Fortress 2 a 2024. Babu ƙa'idar da mutum zai riƙe. Alfarma ce, mai yin ta kuma yana iya fasawa in shugabanci ya sauya ko an sayar da kamfanin.

A Japan, inda yawancin waɗannan wasanni suka fito, alfarmar ma al'ada ce. Dokarsu ba ta da faffaɗar ƙa'idar adalci irin ta Amurka, amma tun 1975 ake cin kasuwar Comiket a Tokyo, inda dubban masoya ke sayar da littattafan zane da suka yi da jaruman wasu. Abin da ke riƙe da ita shi ne galibi ba a gurfanar da mutum sai mai haƙƙi ya kai ƙorafi, su kuma kamfanoni suna ganin amfanin kau da kai. Galibi, na ce, domin a 1999 an kama wata mata a kan littafin zane na Pokémon bayan ƙorafin Nintendo. Kamfanin da ya taso a wannan yanayi yana bambanta ɗan littafin da za a buga kwafi kaɗan da cikakken wasan da duniya za ta sauke.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wanda a wurina ya fi takardar zafi. Dokar Amurka ta ce sashen aikin da aka yi da kayan wani ba bisa ƙa'ida ba, ba shi da kariya. Wani marubuci da ya tsara labarin ci gaban finafinan Rocky ba da izini ba ya kai Sylvester Stallone ƙara cewa an ɗauki tsarinsa, a 1989 kotu ta ce ba shi da abin da zai nema, tunda da jaruman Stallone ya gina labarin. Kamar wanda ya yi gini ne a filin da ba nasa ba: bulo nasa, siminti nasa, gumi nasa, amma ba zai iya sayarwa ba, ba zai iya jinginarwa ba, in wani ya kwashe ya kai kasuwa ma da wane baki zai kai ƙara?

Masu wayo sun nemo hanyar tsakiya. Maimakon su raba wasan, injin kawai suke rubutawa, su bar hotuna da sauti da labari. OpenMW haka yake: sabon inji ne na Morrowind na 2002, ba ya tashi sai ka nuna masa fayilolin wasan da ka saya. Masu Skyblivion, da suka ɗauki aikin mayar da wasan Oblivion cikin injin Skyrim, sun ce sai mai Skyrim da Oblivion duka biyu zai iya bugawa, kuma da Bethesda ta fito da nata sabon Oblivion a Afrilun 2025, kyautar wasan ta aika musu, ba takarda ba. Wannan hanya tana da ɗan gindi a doka, domin a shari'ar Sega da Accolade ta 1992, da ta Sony da Connectix ta 2000, kotu ta halatta warware manhaja don a fahimci yadda take aiki. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya kalli yadda inji ke aiki ya rubuta nasa, da wanda ya warware manhajar kamfani ya sake jera ta layi-layi. Na biyun nan shi ne abin da Take-Two ta zargi masu re3 da yi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa tunda doka na gefen kamfani, magana ta ƙare. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. Haƙƙin aikin kamfani a Amurka kuwa shekara 95 yake yi daga ranar fitowa. Mickey Mouse na 1928 sai a farkon 2024 ya kuɓuta. Metroid II zai jira ƙarshen 2086, Chrono Trigger ƙarshen 2090. Littafi na iya jiran shekara 95 a kan kantar littattafai, amma na'urar da ke karanta kaset ɗin 1991 ba za ta kai ba. An auna wa'adin ne da takarda da fim, aka ɗora shi a kan abin da ke tsufa cikin shekara ashirin. Kamfanonin da suka rubuta ƙa'ida a fili, suka ce ga abin da muka yarda masoya su yi, ga wanda ba mu yarda ba, sun fi kyautawa nesa ba kusa ba a kan waɗanda ke barin mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa kafin su yi magana. Kamfanin id Software ma ya saki manhajar Doom ga kowa tun 1997, kuma bai talauce ba.

Matashin da ke koyon manhajar haɗa wasa irin Unity ko Godot a Kano ko Zariya, yana tunanin fara da sake gina wasan da ya taso yana bugawa a gidan gem, kada ya ɗauka nisa zai kare shi. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne tun 1993, wadda ta wajabta kare ayyukan ƙasashen waje kamar na gida, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta zo da nata tsarin ƙorafi da saukewa daga intanet. Kafin ma a kai nan, GitHub da YouTube da Google Play duk kamfanonin Amurka ne, da DMCA suke aiki. Ba sai lauyan Nintendo ya san hanyar Sabon Gari ba. Ƙorafi ya maimaitu, a rufe asusun da mutum ke fatan ci da shi gaba. Yin irin wannan aiki a kwamfutarka don koyo abu ne dabam da ɗora shi.

Wasu da takarda ta same su sun cire abin da ba nasu ba, suka riƙe sauran. 'Yan Italiyan nan da Capcom ta tsayar, ta kuma gayyace su ofishinta a Osaka, sun juya aikinsu ya zama Daymare: 1998, suka sayar a 2019. Freedom Planet na 2014 da wasan masoyan Sonic ya fara, kafin mai shi ta sauya jaruman. Ƙungiyar Mane6 kuwa wasan faɗa take yi da dawakan My Little Pony, Hasbro ta aiko da takarda a Fabrairun 2013. Sai Lauren Faust, wadda ita ce ta tsara shirin talabijin ɗin da suke kwaikwayo, ta zo ta zana musu sababbin dabbobi na kansu: saniya, tunkiya, barewar ƙanƙara da sauransu. Tsarin faɗan da suka ƙware a kai bai tafi ko'ina ba, tunda dama ba na Hasbro ba ne. Suka tara kuɗi a bainar jama'a a 2015, wannan karon babu mai hana su, wasan ya fito da suna Them's Fightin' Herds, aka kammala shi a 2020.